Goggo da Dabbobin Rijiya

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, matan unguwar Karantina suka cika ɗakinta na kwano har bakin ƙofa, waɗanda ba su sami wuri ba suka shimfiɗa tabarmi a lungu. Zafi ake yi irin na Jidda, mai haɗe da gumin teku, kowa tana fifita da gefen mayafi. Ban ga kuka mai yawa ba. Mata dai suna ta kallon juna ta ƙasan ido.

Wata tsohuwa, Bahaushiyar Sudan, ta karɓi gahawa ta kurɓa, ta ce, "Halas. Allah ya jiƙanta. Yanzu kowa ya huta, ba mai sake mayar da shi dabba."

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta da sauri. Sai matar mai gasa nama na bakin titi, haifaffiyar nan wadda Hausa ke yi wa nauyi a baki, ta fashe da kuka. "Wallahi ni ce Ƙadangare," in ji ta. "Ba ta taɓa faɗa mini ba, bas na sani. Kullum ina gyaɗa kai, kullum." Ba wadda ta ce mata ba ita ba ce.

A gefen maza an jera kujeru, kamar yadda ake yi a ƙasar nan: dangin mamaci su zauna a jere guda, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Babana ƙanin Goggo ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta da wani ɗan'uwa a duniya sai shi, amma bai zauna a jeren ba. Can ƙarshe ya koma kusa da randar ruwa, har masu gaisuwa suka riƙa ruɗewa, su miƙa wa maigidana hannu su wuce shi. Shekara goma sha biyu ke nan Goggo ba ta yi masa magana ba. Abu ɗaya yake son sani, ko ta yafe masa kafin ta cika. Ni kaɗai ce a wurinta a wannan lokacin, shi ya sa duk sanda na leƙo waje sai in tarar idonsa a kaina.

Ina rubuta wannan ne domin a nan ba a sa wa kabari alama, kuma 'ya'yana in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru Goggo za ta koma wata tsohuwa mai gyaɗa da aka taɓa yi a lungun nan.

Gajeruwa ce, baƙa, haƙoranta sun yi ja da goro. Da ƙafa ta zo ƙasar nan, ita da mijinta da Baba yana saurayi. Shekara bakwai suna hanya, su yi noma a nan, su yi ɗaukar kaya a can. A hanyar ta haifi ɗanta guda ɗaya, a hanyar kuma ta binne mijin. Ta yi aikin hajjinta, guzurin komawa bai samu ba, ta zauna. Gyaɗa take soyawa, ta dafa zoɓo, ta kafa tire a bakin lungu. Larabcinta har ta mutu bai wuce "yalla" da "halas" ba, ta ce su biyun sun ishe ta korar yara da sallamar mai ciniki. Ba ta zama kan kujera. Ba ta cin kifi, wai ba ta yarda da abin da ba ya rufe ido ba. In aka yabi mutum a gabanta, ko aka zage shi, amsarta ɗaya ce: "A bi shi a hankali, bai gama zama ba tukuna." Mun sha jin haushin wannan maganar, musamman in muna tsakiyar gulma mai daɗi.

Bayan la'asar mata kan taru a ƙofar ɗakinta su taya ta ɓarar gyaɗa. A nan take ba da labarin dabbobin rijiya. Ranar farko wata ta ce, "Haba Goggo, tatsuniya da rana? Ai cewa ake mai yi zai ɓata a hanya." Goggo ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, "Dubi inda muke. Wace ɓata ta rage?"

Labarin shi ne, an yi fari a ƙasar dabbobi, suka ɗauki hanyar gabas, suka yi ta tafiya har suka iso wata rijiya mai ruwa. Rijiyar tana da mai ita, amma ba dabbar da ta taɓa ganinsa, sai dai a ji ya ce kaza. Dokarsa ita ce ba mai shan ruwa sai mai shaida a kunne. Kura ce a bakin ƙofa tana duba kunnuwa. Zakara ke shelar duk abin da aka ce, ko ya fahimta ko bai fahimta ba. Ƙadangare kuwa komai aka faɗa sai ya gyaɗa kai. Akwai Kunkuru, wanda da zarar an yi motsi zai ja kansa ciki. Akwai Jaki mai jan guga, shi ke fitar da ruwan da kowa ke sha, ga raha, ga waƙa da muryar nan tasa. Sai Dila, wanda ya rigaya kowa koyon harshen mai rijiya, ya zama shi ke shiga ya fito da saƙo.

Abin da ya bambanta labarin Goggo da irin wanda kakanni ke yi shi ne dabbobinta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Mun saba Kura azzaluma ce daga farko har ƙarshe. A wurin Goggo Kura da farko kunya take ji in ta kori tsohuwa daga bakin rijiya, takan ma kau da kai a wuce. Sai wata rana aka rage mata kashi saboda ta kau da kai. Wata uku Goggo ta ɗauka tana juya Kurar nan a hankali, har ranar da ta ciji ɗan tunkiya ba ta ji komai ba, mu kuma ba mu iya nuna ranar da ta sauya ba. Mata sukan yi gardama a kai har gyaɗa ta ƙone. A shekarun farko labarin na nishaɗi ne, Dila ma gwarzo ne, shi yake wayo ya samo wa marayu shaida. Baba da kansa yakan tsaya in zai wuce, ya saurara, ya yi murmushi ya gyara hula, don kowa ya san da wa ake.

Baba ne wakilin mutanenmu a wajen takardu. Ya yi aiki wurin wani ɗan kasuwa a tashar jiragen ruwa, ya iya Larabci kamar an haife shi a nan, ya sami iƙama, wato takardar zama, mu 'ya'yansa muka shiga ƙarƙashinta. Duk wanda ke neman kafili, mutumin ƙasa da zai tsaya masa, ƙofarmu yake zuwa. Akwai kuma wata hanya da ake bi a wancan zamanin, wadda yanzu ba zan ɓoye ba. In mai takarda ya mutu, ba a kai rahoto. A binne shi shiru, a ba wani mai kama da shi takardar, ya ɗauki sunan mamacin ya ci gaba da rayuwa. Hoton ya dushe, kuma a idon masu dubawa duk kamarmu ɗaya.

A shekarar da aka fara kame mai tsanani, wani saurayi mai takarda ya rasu da zazzaɓi, iyayensa suka kawo wa Baba ita. Mutum biyu suka dace da ita a gidanmu. Ɗaya maigidana, wanda bai fi shekara da aurena ba, ga ni da ciki. Ɗaya kuma ɗan Goggo, taubashina, mai sayar da ruwa, gwangwanaye biyu a sanda bisa kafaɗa, yana zagaya lunguna tun safe. Shi ne yake tsokanata ya ce ni baiwarsa ce, in jefe shi da takalmi.

Baba ya tafi ɗakin Goggo, na bi shi da tabarma. Ya zauna ya ce, "Yaya, takarda ɗaya ce, yara biyu. Me kika gani?"

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci, balle ta buɗe baki ta nema masa wani abu a gaban dangi. Goggo ta riƙe wannan kunyar da ƙarfi, ta kawo ta tun daga gida ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. "Wancan" take ce masa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ba surukinka, ga yarinya da ciki."

Abin da ya kamata Baba ya yi kowa ya san shi. Tunda ta yi masa kara, kamata ya yi shi ma ya mayar mata. Wato ya ce a'a Yaya, ɗanki maraya ne, shi ke yawo a titi, surukina a cikin shago yake. Ita ta ƙi, shi ya nace, har ta yi shiru, shirun ya zama amsa. Ina kallon hannunta a kan gwiwa, tana jira.

Baba ya ce, "To, Yaya. Yadda kika ce." Ya tashi ya sa takalminsa.

Ni ma ina wurin, kuma na san abin da ya faru sarai. Na naɗe tabarmata na bi bayan ubana, zuciyata cike da murna. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Ba a yi wata biyu ba aka kama ɗan Goggo da hantsi, a bakin famfo, yana cika gwangwaninsa. Waɗanda suka gani sun ce ya roƙi askarawan su bari ya kai wa wata mai jego ruwan da ya yi mata alkawari, suka ce yalla. Aka tsare su kwanaki, aka zuba su a jirgin ruwa, aka haye da su. Shi da aka haifa a hanya, ba shi da garin da zai ce nasa ne a can. Baba ya bi ofisoshi, ya aika saƙo ta hannun alhazai shekara da shekaru. Wani ya ce ya gan shi a gonar auduga a Sudan, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau ba mu sani ba.

Wani maƙwabci ya kawo wa Goggo sandar da gwangwanayen. Ta ce a jingine a can. Ba ta yi kuka ba, domin ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Washegari bayan la'asar ta fito da gyaɗarta kamar kullum, mata suka zauna tsuru-tsuru, ta ɗauki labari daga inda ya tsaya. A ranar ne Kura ta duba kunnen Jaki.

Daga nan labarin ya daina ba da dariya. Abin da bakinta ba zai faɗa game da ɗanta ba, ta faɗe shi game da Jaki. Mun ji yadda aka haife shi a ƙarƙashin wata ƙaya, da yadda ya fara tafiya, da irin abincin da yake so, da ciwon da igiya ta yi masa a kafaɗa wanda ba wanda ya taɓa shafa wa mai. Ta yi shekaru tana ba mu labarin Jakin da aka riga aka kora, mata suna ɓarar gyaɗa suna share hawaye da bayan hannu, ita kuwa idonta a bushe.

Dila kuma ta ɗauke shi a hankali, yadda ta yi wa Kura. Ba ta mayar da shi mugu rana ɗaya ba, da ta yi haka da ya fi sauƙi. Ya fara jin daɗin inuwar da ke ƙofar mai rijiya. Ya fara gajiya da koke-koken dabbobi. Ya koyi yin tambaya ta yadda zai sami amsar da yake so, sannan ya ce ai ku kuka faɗa. In ta zo nan, mata sukan kalli ƙasa. Kunkuru ma ya sami rabonsa: an kai gidansa shaidar wata matacciyar dabba, ya sha ruwa ya yi ƙiba, kuma duk sanda aka ambaci Jaki sai ya ja kansa ciki. Ina zaune a wurin da goyo a bayana. Ban taɓa tashi ba, ban kuma taɓa cewa uffan ba, wanda ya nuna ta san dabbar da ta zaɓa mini.

Maganar ta kai kunnen Baba, don har a masallaci manyan yara suka fara ce masa Dila a bayan ido. Ya zo ranar wata Juma'a, a gaban mata, ransa a ɓace.

"Yaya, ki fitar da ni daga labarin nan."

Goggo ba ta ɗaga kai ba. "Ni dabbobi nake ba da labari. Kai dabba ne?"

"Ke kika ce in ba surukina! Ga ta nan, 'yata, a gabanta kika faɗa. Na tambaye ki ko ban tambaye ki ba?"

Sai ta ajiye ƙwaryar, ta dube shi. "Ka tambaye ni. Nono ɗaya muka sha, ɗaki ɗaya aka yi mana tarbiyya. Ka san abin da bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa ka zo ka tambaye ni maimakon ka yanke da kanka. Tashi ka ba ni wuri."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi masa. In ya gaishe ta a hanya sai ta gyara tirenta. Da salla yakan aiko da nama, ta ba maƙwabta. Ya je hajji sau biyu a ƙafa yana roƙon Allah a kan wannan, ya turo limami, ya turo dattawa. Ta saurare su da ladabi, ta ba su zoɓo, ta ce Allah ya saka da alheri.

Amma kada a ɗauka Goggo dutse ce. Cikin da aka ba maigidana takarda saboda shi, da ya zo haihuwa ya zo da gardama, uwata kuma ta riga ta rasu. Ba wanda ya aika mata. Ita ta turo ƙofa, ta ɗaure zane, ta karɓi haihuwar, ta yi mini wankan jego kwana arba'in, tana ɗebo ruwan da kanta daga famfon da aka kama ɗanta. Ta goyi yaron nan har ya yi wayo, ta tauna masa gyaɗa ta sa masa a baki. Na taɓa cewa, "Goggo, ki yafe mini." Ta ce, "Miƙo mini sabulu." Na ƙaunace ta, na kuma ji tsoronta, har ta mutu ban iya raba biyun ba.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Baba yakan zo ya zauna a bakin ƙofa daga waje, a kan dutse, ba ya shiga don ba a ce ya shiga ba. Ranar ƙarshe da hantsi ya tafi neman mota a kai ta asibiti, ya rage ni da ita. Ta ce in tashe ta zaune.

"Akwai dabba ɗaya da ban sa a labarin ba," in ji ta.

Na ce, "Goggo, ki huta."

"Yi mini shiru. Jaki yana da uwa. Ranar da Dila ya zo da shaidar, tana nan. Kalma ɗaya kawai ake jira, ta ce ɗana. Ba mai dukanta, ba mai yanka ta. Abin da zai faru kawai shi ne dabbobi su ce ba ta da kunya. Ta auna kunyarta da ɗanta, ta riƙe kunyar." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Na juya Kura, na juya kowa. Ita kaɗai ce ba ta sauya ba daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ban sa ta ba, ba ta da labari."

Daga nan ta yi ta maganar Jaki, kanta a kafaɗata, har maganar ta koma salati. Kafin motar ta iso ta cika.

Kwana uku na zaman makoki ina guje wa Baba. Da safiyar na huɗu, masu kujeru suna lodawa a amalanke, ya same ni ina sharar ƙofar ɗakinta. Ya tsufa a kwana ukun nan, rigarsa ta yi masa yawa.

"'Yata, ta yi magana?"

Na ce ta yi. Na gaya masa duka, yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya saurara yana kallon tsintsiyar.

"Dila fa? Me ta ce ya same shi?"

Ina iya yi masa ƙarya. Ba mai ƙaryata ni, kuma da ya yi barci a ranar. Na buɗe baki in yi, sai na ga na gaji da zaɓar abin da ya fi mini sauƙi.

"Ba ta ambace shi ba, Baba."

"Ki tuna dai. Ko da baƙar magana ce. Ko zagi ne, ki faɗa mini, zan ɗauka."

"Ko zagi babu, Baba."

Ya matsa kusa da ɗakin. Sannan ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya yi sallama da ƙarfi kamar yadda ƙani ke yi wa yayarsa, ya jira. Da ba a amsa ba ya sake yi.

Ya Allah, ga baiwarka ta iso da ƙafafunta da suka sha hanya. Ka yalwata mata wurin kwanciya, ka haɗa ta da ɗanta a inda ba a jin kunyar kowa. Mu da muka rage a lungun nan kuma, ka san abin da kowannenmu ya yi.